Matata ta haifi zabiya, ko in yi wa yaron gwajin DNA?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni da matata duk baƙaƙe ne, yaranmu biyu na farko ma haka. Wata bakwai da suka wuce ta haifi namiji zabiya, fari fat, gashinsa ja-ja. A danginmu ban taɓa jin an haifi zabiya ba. Na yanka masa rago na raɗa masa suna, amma zuciyata ta ƙi kwanciya, har na ce wa yayana ina shakkar ɗan nan nawa ne. Ya halatta in yi masa gwajin DNA a ɓoye?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, na karanta tambayarka sau biyu, ban ga inda ka ce ka taɓa kama matarka da wani abu ba. Launin fata kaɗai ka gani, kuma a nan hukuncin ya rataya. Ɗan naka ne. A shimfiɗarka aka haife shi, ka karɓe shi, ka yi masa suna, kuma wanda ya amsa ɗa ba shi da ikon korarsa daga baya. Hadisin mutumin Banu Fazara sananne ne: matarsa ta haifi ɗa baƙi ya yi shakka, sai Annabi (SAW) ya buga masa misali da raƙumansa jajaye da ake samun mai wani launi a cikinsu, ya ce masa wataƙila wata jijiya ce ta gado ta jawo launin.

Jijiyar nan yanzu an san yadda take aiki. Ɗan Adam yana da kuromosom 46, wato ƙunsoshin da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, 23 daga uba, 23 daga uwa. Akwai ƙwayar gado mai rinjaye, akwai mai ɓuya, wadda ba ta bayyana sai ta haɗu da irinta daga ɗaya ɓangaren. Zabiyanci na cikin masu ɓuya: jiki ne ya gaza samar da sinadarin melanin mai ba fata da gashi da ido launi. Mutum zai iya ɗauke da ƙwayar kaka da kakanni ba wanda ya sani. In miji da mata duk suna ɗauke da ita, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo zabiya. Wato rabin abin da kake tuhumar baiwar Allah da shi, daga jininka ya fito.

Wasu malaman zamani sun ce tunda gwajin DNA ya fi ƙiyafa (gane nasaba ta hanyar kamanni) ƙarfi, ai sai a gina korar nasaba a kansa, har ya maye gurbin li'ani, wato rantsuwar da miji da mata ke yi gaban alƙali in ya tuhume ta da zina ko ya kore ɗa. Ban gamsu da wannan ba. Ƙiyafa ana komawa gare ta ne inda nasaba ta rikice, kamar mutum biyu na jayayya a kan yaro. Ba a taɓa rushe shimfiɗar aure da ita ba. Dubi shari'ar Sa'ad bin Abi Waƙƙas da Abdu bin Zam'a a kan wani yaro, Sa'ad ya ce ɗan ɗan'uwansa Utba ne, Abdu ya ce a shimfiɗar mahaifinsa aka haife shi: Annabi (SAW) ya ga kamannin yaron da Utba ƙuru-ƙuru, amma ya ba mai shimfiɗa. Li'ani kuwa nassin Suratun Nur ne, ba a shafe shi da takardar ɗakin gwaji, inda ake iya musanya samfur ko a yi kuskure. Kuma in aka buɗe wannan ƙofa, duk mijin da shaiɗan ya yi wa raɗa zai kwashi 'ya'yansa a ɓoye, gidaje nawa za su rage? Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa (Ƙungiyar Musulmi ta Duniya), a zamanta na Makka a 2002, ta hana amfani da gwajin don kore nasaba ko bincikar wadda ta riga ta tabbata, ta bar shi ga irin jariran da suka cakuɗe a asibiti da gawar da ba a gane ba. Saboda haka kada ka yi.

Abin da ya fi tayar min da hankali ma shi ne maganar da ka yi wa yayanka. Wannan bakin ƙazafi ne. Ka tuba, ka koma ka warware ta tun ba ta kai kunnen matan gida ba. Matarka kuwa, ina kyautata zaton ta daɗe da ganin canji a fuskarka, ta yi shiru ne kawai. Ɗauki yaron a gabanta, ka yi masa wasa.

Kuɗin gwajin ka kai shi wurin likitan ido da na fata. Zabiya rana na ƙona shi, tana iya jawo masa kansar fata, kuma ganinsa yakan yi rauni. Ka tanadar masa hula mai faɗi, riga mai dogon hannu da man kariya daga rana, in ya shiga makaranta a zaunar da shi a layin gaba.

Allah ne mafi sani.