Tambayi Likita: "Gorin da aka yi mini a asibiti ya sa na daina karɓar magani"

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata 29, ban yi aure ba. Bara aka gano ina ɗauke da HIV, na fara shan magani a wani asibiti a nan Kano. Wata rana mai ba da kati ta ɗaga murya ta ce, "Tuzuru kamarka ina ka kwaso? Ko kai ma ɗan neman maza ne?" Kowa a kan benci ya juyo yana kallona. Yau wata uku ban koma ba, kuma jikina garau. Dole ne sai na koma? Daga wani matashi, Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Dole ne, Malam, amma ba lalle sai can ɗin ba.

Kada wannan "garau" ɗin ya ruɗe ka. Maganin da ake ba yawancin manya yanzu, wato TLD, ƙwaya ɗaya a rana mai haɗe da magunguna uku, danne cutar yake yi, ba ya fitar da ita. Da an daina, cikin 'yan makonni take sake yaɗuwa a jini tana cin garkuwar jiki a ɓoye. Idan awon CD4, wato awon ƙarfin garkuwar jiki, ya sauka ƙasa da 200, ƙofa ta buɗe wa tarin fuka da wani nau'in sanƙarau mai wuyar magani. Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba: biyu daga cikin magungunan nan suna danne ciwon hanta nau'in B. Mai ɗauke da shi idan ya yanke magani kwatsam, hantar tana iya tashi.

Abin da matar ta yi laifi ne, ba rashin ladabi kaɗai ba. Tun 2014 akwai dokar tarayya da ta hana nuna wa masu HIV wariya da fallasa sirrinsu. Kana iya kai ƙara ga shugaban sashen, ko hukumar KSACA mai yaƙi da cutar a Jihar Kano, ko ƙungiyar NEPWHAN ta masu ɗauke da cutar. In ba ka da ƙarfin zuciyar yin haka yanzu, bar shi, magani ne gaba.

Ka ɗauki katinka da tsohuwar robar maganin ka je wata cibiya. Ana bayarwa kyauta a Asibitin Malam Aminu Kano, da Asibitin Murtala, da ƙananan asibitoci da dama. Takardar canjin asibiti tana sauƙaƙa aiki, amma rashinta bai kamata ya hana a karɓe ka ba. Ka faɗi gaskiyar ranar da ka sha ƙwayar ƙarshe. Za a tambaye ka tari, zazzaɓi, gumin dare da rama, a auna CD4, galibi a mayar da kai kan maganinka. Bayan wasu watanni a auna yawan ƙwayar cutar a jini. Idan ta kwanta, ana iya ba ka na wata uku zuwa shida a zuwa ɗaya, ka huta da zaman benci.

Sai batun neman maza. Ba mu tambaye ka ba, kuma ba huruminta ba ne ta tambaya. Amma zargin kansa yana kashe mutane. Bayan dokar hana auren jinsi ta 2014, wani bincike a Abuja ya nuna maza masu kwana da maza sun ƙara tsoron zuwa asibiti. A Kano, inda ake ƙarawa da tsoron Hisbah da na dangi, wanda yake yi yana ɓuya, wanda ba ya yi ma yana ɓuya don kada a ce shi ne. Dukansu sai sun kwanta ake kawo su ranga-ranga. Da yawansu kuma magidanta ne, ga matan aure a gida ba su san komai ba, alhali mai shan magani kullum da cutar ta kwanta ƙasa da 200 a awon yawan ƙwayar cutar ba ya sa wa abokin kwanciyarsa.

Inda faɗin gaskiya ke da amfani shi ne ɗakin likita, ƙofa a rufe. Ciwon sanyi da tunjere suna kama dubura da maƙogwaro, awon fitsari kuma ba ya nuna na can. Mutum sai ya shekara yana shan sassaƙen basir, ashe ƙurajen wata cuta ne daban. In faɗin ya yi nauyi, ya isa a ce "ina jin ciwo ko ganin ruwa ta baya, a duba ni."

Kafin ka je, kada ka ari ƙwayar wani ko ka saya a kasuwa. Idan kuma kana shan maganin ƙarin jini ko farin ruwan nan na gyambon ciki, ka gaya musu, domin suna hana TLD shiga jiki sosai: a sha TLD awa biyu kafin su, ko awa shida bayansu.