Na'urar waya ta ce mota lafiya lau, amma sitiyari na karkarwa idan na taka birki

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da Toyota Corolla, kuma ina yawan bin hanyar Daura zuwa Kazaure. Da zarar gudu ya kai kilomita 100 na taka birki, sai sitiyari ya kama karkarwa a hannuna, amma a cikin gari ba na jin komai. Na sayi 'yar na'urar nan ta OBD2 mai gano matsalar mota da ake haɗawa da waya ta Bluetooth, na duba da manhajar Torque, ba ta nuna matsala ko ɗaya ba. Na'urar ce jabu, ko wayata ce? Daga wani mai karatu a Daura.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Wayarka da na'urarka ba su da laifi. Na'urar tana karanto abin da kwamfutar mota ta sani ne kawai, kwamfutar kuwa sai inda aka sa mata sensa take gani. Babu sensar da ke auna kaurin faifan birki, kuma shi nake zargi da farko. Su ma irin masu arhar nan, galibi lambobin matsalar inji kaɗai suke iya karantawa.

Ga abin da ke faruwa. Faifan, wato disk, yana juyawa tare da taya, birki fad guda biyu suna matse shi. Idan kaurinsa ya bambanta daga wani gefe zuwa wani, ko da milimita 0.02 ne, wanda bai kai kaurin gashin kai ba, fad zai riƙa kamawa yana saki. A gudun kilomita 100 tayar Corolla tana juyawa kusan sau 14 a daƙiƙa ɗaya, shi ya sa kake jin abin a kan titi, ba ka jin sa a cikin gari.

Kafin ka je gareji, lura da inda karkarwar take. In a sitiyari ce, matsalar a gaba take. In a kujera ko jikin mota ce, a duba baya. In kuwa tana zuwa ko ba ka taɓa birki ba, wannan aikin balansin taya ne ko rim da ya lanƙwashe, kada ka yarda a sauya maka faifai a banza.

Ka nemi bakaniken da ke da abin awo, ba mai shafa faifai da yatsa ya yanke hukunci ba. Ya auna kaurin faifan da maikuromita a wurare takwas, sannan ya sa agogon awo ya juya faifan ya ga yawan karkacewar da yake yi. A yawancin ƙananan motoci bai kamata ya wuce milimita 0.05 ba. A jikin faifan akwai rubutu MIN TH da lamba, shi ne mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi. In bayan an goge shi a injin gyaran faifai zai sauka ƙasa da wannan lambar, a sa sabo, kuma hagu da dama tare, da sabon fad. Fad ɗin da namansa ya koma milimita 3 ya gama aiki.

Abin da ya fi damuna shi ne masu sauya faifai su bar abin da ya lalata na farko, bayan wata kaɗan karkarwa ta dawo. A kankare tsatsa da ƙasa daga fuskar hob, wato inda faifai ke zama, sarai kafin a ɗora faifai, domin ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta karkatar da shi. A zaro fil biyun da kalifa, wato abin da ke matse fad a jikin faifai, ke zamewa a kai, a wanke, a shafa musu giris na silikon. Giris na yau da kullum yana kumbura robar, fil ya cije, fad ya riƙa gugar faifai kana tafiya. Alamarsa, taya ɗaya ta fi sauran zafi bayan tafiya, wani lokaci har da ƙauri. Sai notin taya: a ɗaure su a tsallake, ɗaya sai wanda ke fuskantarsa, da sifana mai awo, 103 Nm ga Corolla. Hawa kan sifana da ƙafa da wasu masu faci ke yi yana matse faifai a karkace. Tun da mota na kan jak, a girgiza tayar a duba tayarod, boljoyin, bushin da boris, don sassaucinsu yana ƙara karkarwar.

Bayan gyara, nemi titi marar cunkoso ka rage gudu daga 60 zuwa 10 sau takwas ba tare da ka tsaya cak ba, sannan ka yi tafiyar minti biyar birki ya huce. Kuma kada ka kai mota wanki faifai na da zafi.

Tambaya: Malam, tawa motar in na kusa tsayawa a hankali sai fedar birki ta riƙa bugun ƙafata da ƙara gir-gir. Daga wata mai karatu a Katsina.

Amsa: Hajiya, a nan wayar za ta yi miki amfani. ABS, wato tsarin da ke hana taya kullewa in an taka birki, shi ne ke tashi ba lokacinsa ba, galibi saboda sensar gudun taya ɗaya ta yi datti, ko zoben da take karantawa ya tsage. Ki samu na'ura da manhajar da ke shiga sashen ABS na irin motarki, a buɗe gudun tayoyi huɗu a fuskar waya, wani ya riƙe ta kina tuƙi a hankali. Tayar da lambarta ta faɗi sifili kafin sauran, sensarta za a ciro a goge, in ba ta daidaita ba a sauya.