Tambaya da Amsa: Ina duwatsun farkon duniya suka shiga?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce, malaminmu ya ce duniya ta kai shekara biliyan 4.5 amma wai dutse mafi tsufa da aka samu bai wuce biliyan 4 ba sosai, toh ni abin ya ɗaure min kai, ina duwatsun sauran shekarun suka tafi? Kuma ma ta yaya ake sanin shekarun dutse?

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, madalla da wannan tambaya, kuma malaminku gaskiyarsa. Wannan giɓin da kika hango masana ma sun ba shi suna, zamanin Hadiyan, wani masani Preston Cloud ne ya raɗa masa a 1972, wato daga kafuwar duniya wajen shekara biliyan 4.54 da suka wuce zuwa wajen biliyan 4.

Amsar a taƙaice ita ce duniya cinye fatarta take yi. Da farko ma narkakkiya ce, ga duwatsu na ta faɗo mata daga sama, har wata duniya mai girman Mars ta yi karo da ita, kuma galibin masana na ganin daga tarkacen wannan karon ne wata ya haɗu. Bayan ta huce ma ba ta zauna lafiya ba, ɓawonta a tsattsage yake gida-gida, wani ɓangare na nutsewa ƙarƙashin wani ya koma ciki ya narke, ruwa da iska kuma na ta cin na sama, shi yasa kusan duk ƙasan teku da muke da shi yanzu bai kai shekara miliyan 200 ba. Kin ga kuwa dutsen da ya tsallake wannan duka har shekara biliyan 4 ai ba ƙaramar sa'a ya yi ba. Akwai shi a arewa maso yammacin Kanada, kusa da kogin Acasta, shekarunsa kamar biliyan 4.03.

Amma ni abin da ya fi burge ni ba dutsen bane, wasu 'yan ƙwayoyin ma'adini ne da ake kira zirkon, ƙanana ne sosai sai da madubin ƙara girma ake ganin su da kyau. A Jack Hills da ke yammacin Ostireliya aka samo su maƙale a cikin wani dutsen da bai kai su tsufa ba, ainihin dutsen da ya haife su ya daɗe da lalacewa su kuma suka ƙi, saboda taurinsu. A 2001 aka sanar cewa ɗaya daga ciki ta kai shekara biliyan 4.4.

Nan ne amsar tambayarki ta biyu take. Lokacin da zirkon ke daskarewa tana karɓar sinadarin yuraniyom amma ba ta karɓar dalma. Shi kuma yuraniyom a hankali yake rikiɗewa ya koma dalma, kuma saurinsa sananne ne, akwai nau'i biyu da ake amfani da su, nau'in 238 sai ya yi shekara biliyan 4.47 kafin rabinsa ya juye, nau'in 235 kuma miliyan 704. Toh duk dalmar da aka tarar a ciki daga baya ta samu, sai a auna nawa ya rage nawa ya juye a yi lissafi. Kamar agogo biyu ne a gida ɗaya, in suka nuna lokaci ɗaya sai hankali ya kwanta, in suka saɓa an san akwai abin da ya taɓa ƙwayar. Kuma waɗannan ƙwayoyin sun zo da wani labari da ba a zata ba, irin sinadarin oksijin da ke cikinsu ya nuna alamar akwai ruwa a doron ƙasa tun wancan lokacin, kenan duniya ta huce da wuri fiye da yadda aka ɗauka a da.

Shi kuwa biliyan 4.5 ɗin ba daga dutsen duniya kaɗai aka samo shi ba. Wani masani Clair Patterson ne a Amurka ya fitar da biliyan 4.55 a 1956, da duwatsun da suka faɗo daga sararin samaniya, domin tare aka yi su da duniya kuma su babu abin da ya sake narka su. Bawan Allah ya sha wahala sosai don dalmar da ke yawo a iska tana ta ɓata masa awo, daga nan ne ma ya shiga yaƙi da zuba dalma a fetur.

Sai dai ki sani har yanzu ana jayayya a kan wane dutse ne mafi tsufa. Akwai na Nuvvuagittuq a gabar Hudson Bay, can Kanada dai, a 2008 wasu masana suka ce ya kai biliyan 4.28, wasu suka ce a'a bai wuce 3.8 ba, kuma babban dalilin rigimar shi ne irin wannan dutsen ba shi da zirkon sosai, dole aka auna shi ta wata hanyar. In a jarrabawa aka tambaye ki, ki rubuta Acasta, shi ne kusan kowa ya amince da shi.