Mahaifina bai taɓa shan taba ba, me ya jawo masa ciwon daji?

Tambaya: Likita, ciwon dajin hanta ne ya yi ajalin mahaifinmu, alhali bai taɓa shan taba ko giya ba. Wasu sun ce gado ne, wasu sun ce ƙwayar cuta ce, wasu kuma abinci. Wanne ne gaskiya?

Amsa: Allah Ya jiƙan Baba, Ya ba ku haƙuri. Masana ma sun shafe shekaru suna wannan muhawarar.

A 1911 wani masani mai suna Peyton Rous, a Amurka, ya tace ruwan ƙarin daji na wata kaza, ya yi wa lafiyayyun kaji allurarsa, su ma ƙarin ya fito musu. Ya ce bairos ne, wato wata ƙwayar cuta ƙanƙanuwa ƙwarai, ke haddasa shi. Aka yi biris da shi, sai a 1966 ya samu kyautar Nobel. A 1914 kuma Bajamushe Theodor Boveri ya ce ɓarnar tana cikin ƙwayar halittar jiki ne, a wurin da ake ajiye bayanan gado. Sai a 1976 wasu masana biyu, Bishop da Varmus, suka gano cewa abin da bairos ɗin Rous ke haddasa ƙari da shi, asalinsa daga jikin kazar ya ɗauko shi. Ashe ɓangarorin biyu hanya ɗaya suka biyo.

Ga yadda nake kwatanta wa marasa lafiya. Kowace ƙwayar halitta tana da totur mai sa ta rabu gida biyu, da birki mai tsayar da ita. Idan totur ya maƙale, birki kuma ya tsinke, sai ta yi ta hayayyafa ba ƙaƙƙautawa. Lalacewa ɗaya ba ta cika isa ba, sai sun taru cikin shekaru, shi ya sa ciwon ya fi yawa ga manya.

To me ke tsinka birkin hanta a wajenmu? Abu biyu na fi zargi. Na farko bairos ɗin ciwon hanta nau'in B, wanda da yawa ke ɗauka tun suna jarirai ko yara, ya zauna shiru shekara talatin ko arba'in yana kumbura hanta. Na biyu guba mai suna aflatoksin, wadda fumfuna ke fitarwa a gyaɗa da masarar da aka zuba rumbu ba su gama bushewa ba. Wannan gubar tana lalata wani babban birki da ake kira p53. Idan biyun suka haɗu a jiki ɗaya, haɗarin yana ninkuwa ƙwarai. Abin da ke ba ni takaici, gyaɗar da aka tsince aka ware saboda ta yi baƙi, sau da yawa ita ake saidawa da araha, ta ƙare a ƙuli-ƙuli ko miya.

Batun gado kuwa, kusan kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na ciwon daji ne kawai ake gadon lalataccen birkinsa daga iyaye. A ciwon hanta, abin da ke bin dangi galibi bairos ɗin ne, daga uwa zuwa jariri ko tsakanin yaran gida ɗaya, sai a ɗauka gado ne.

Don haka ku 'ya'yansa da iyayenku mata ku je a gwada jininku. Wanda ba shi da bairos ɗin a yi masa riga-kafi, wanda yake da shi likita ya riƙa duba hantarsa a kai a kai. Jaririn da aka haifa a gidan kuma a yi masa allurar riga-kafin ta farko cikin awa 24.