Tambayi Ma'aikatan Jinya: Gyambon Kwanciya, Ƙarin Ruwa da Sirrin Majinyaci

Wasiƙun wannan fitowar duk daga cikin garin Kaduna suke. Kamar kullum, mun sakaya sunayen masu tambaya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya samu shanyewar ɓarin jiki, an sallamo mu, muna jinyarsa a gida. Yanzu ƙasan bayansa ya yi duhu, wani wurin har ya fara saluɓewa. An ce mu riƙa gasa masa da ruwan zafi muna barbaɗa garin kafso. Yaya za mu yi? (Wata baiwar Allah daga Tudun Wada)

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ku kuma ya ba ku ladan jinya. Malama, kada ku gasa, kada kuma ku barbaɗa komai. Wannan gyambon kwanciya ne. Nauyin jiki ne ke matse fata tsakanin ƙashi da katifa har jini ya kasa isa wurin, naman ya fara mutuwa daga ciki. Mai lafiya yakan juya a cikin barci bai ma sani ba. Baba ba ya iya juyawa, kuma mai yiwuwa ba ya jin zafi a wannan ɓarin, don haka ruwan da za a gasa masa zai iya ƙona shi bai ce uffan ba.

Maganin farko shi ne ɗauke nauyi daga wurin. A juya shi duk bayan awa biyu, dare da rana. Wasu gidajen sukan ɗaura juyin a kan lokutan salla, amma daga Asuba zuwa Azahar ya haura awa shida, gyambo kuwa ba ya buƙatar haka kafin ya kama. Ku rubuta lokutan a takarda ku manna a bango, ku raba kwana tsakaninku. Tunda bayan ya riga ya taɓu, a rage kwantar da shi rigingine, a riƙa sauyawa tsakanin dama da hagu. Kada a kifa shi gaba ɗaya a kan ƙashin ƙugu. A ɗan karkata shi kawai, a tokare bayansa da matashi, a sa wani tsakanin gwiwoyinsa. In yana rigingine, a sa matashi a ƙarƙashin sha-raɓa yadda dugadugansa za su yi lilo ba su taɓa katifa ba. Kada a yi masa gammo a ƙarƙashin ciwon, domin gefen gammon ma matse jini yake yi.

Wajen juyi, mutum biyu su kama zanen da ke ƙarƙashinsa su ɗaga. Jan majinyaci a kan gado yana yage fata. A miƙe zanen gado sumul, a kakkaɓe ɓurɓushin abinci. Ledar da ake shimfiɗawa saboda fitsari kada ta taɓa fatarsa kai tsaye, a rufe ta da zanen auduga, musamman a zafin Maris da Afrilu da gumi ke jiƙa mutum. Da ya yi fitsari ko bayan gida a wanke da ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulu marar ƙarfi, a tsane da tawul ba gogewa, a shafa man basilin a fatar da ba ta fashe ba.

Kullum ku duba ƙasan baya, ƙugu, dugadugai, idon sawu, kafaɗu da ƙeya. A baƙar fata ba kasafai ake ganin ja ba, don haka abin nema shi ne wurin da ya fi kewayensa duhu, ko sheƙi, ko zafi, ko tauri. In kun same shi, kada ku murza. Inda ya saluɓe kuwa a wanke da ruwan gishirin asibiti, irin na ƙarin ruwa, a rufe da bandeji mai tsabta, kuma nas ta gani da idonta cikin kwana ɗaya ko biyu. In ciwon ya yi baƙi, ya yi rami, yana wari ko ruwa, ko zazzaɓi ya shigo, a koma asibiti a ranar.

Ciwo ba ya warkewa da koko zalla. A ba shi ƙwai, wake, kifi, nono, awara. A zaunar da shi sosai kafin ci, a ba shi da ƙaramin cokali, ya ci gaba da zama rabin awa bayan ya gama. In yana tari ko muryarsa na gargara lokacin ci, a dakata a sanar da likita, kada a yi masa ɗura. Abincin da ya faɗa huhu shi ke kawo ciwon huhu mai kisa ga masu irin wannan lalura.

TAMBAYA: An sa wa mahaifiyata ƙarin ruwa yana ɗiga kamar ba zai ƙare ba. Na ɗan buɗe shi don ya yi sauri, nas ta zo ta rufe ni da faɗa a gaban mutane. Me na yi na laifi? (Wani matashi daga Rigasa)

AMSA: Malam, faɗa a gaban mutane bai kamata ba, amma abin da ka taɓa ba ƙarami ba ne. Ɗigon nan lissafi ne. A robar ƙarin ruwa da aka fi amfani da ita ga manya, ɗigo 20 ne ke yin mililita ɗaya. Leda mai mililita 500 ɗigo 10,000 ke nan. In likita ya rubuta ta shiga cikin awa takwas, nas za ta saita kusan ɗigo 21 a minti. In awa huɗu ne, kusan 42. Shi ya sa kake ganin tana kallon agogo tana murza ɗan tayar.

Ruwan kai tsaye yake shiga jijiya, zuciya ce ke tura shi, ƙoda ke fitar da rararsa. Tsohuwa mai hawan jini, ko mai ciwon zuciya ko na ƙoda, ko ƙaramin yaro, in aka kwarara masu fiye da ƙima sai ruwan ya taru a huhu: numfashi ya yi sama-sama, tari ya taso, mutum ya kasa kwanciya. Sannan ba ka san abin da aka zuba a ledar ba. Maganin kunin (quinine) na zazzaɓin cizon sauro a hankali ake ba da shi, cikin awa huɗu, don saurinsa na rikita bugun zuciya. Ruwan naƙuda kuwa in aka sake shi yana iya fasa mahaifa.

Aikin mai jinya a nan sa ido ne. Ka kira nas in hannun ya kumbura, ya yi sanyi ko yana zogi, alamar allurar ta fita daga jijiya. In ɗigon ya tsaya. In jini ya biyo robar. In ledar ta kusa ƙarewa. Ko in numfashin Hajiya ya sauya. Kana kuma da damar tambaya: awa nawa aka rubuta, me ke ciki? Wajibi ne a ba ka amsa, muddin ita Hajiya ta yarda a yi maganar da kai.

TAMBAYA: Ni na kai matata asibiti, ni na biya kuɗin gwaji, amma nas ta ƙi faɗa mini sakamako, wai sai da izininta. Ashe miji ba shi da wannan haƙƙin? (Magidanci daga Kawo)

AMSA: Alhaji, nas ɗin ta yi daidai. Sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya mayar da duk bayanin lafiyar majinyaci sirri, sai in shi ya ba da izini a rubuce, ko kotu ta yi umarni, ko wata doka ta buƙata, ko ɓoyewar za ta jefa lafiyar jama'a cikin babban haɗari. Yara da wanda ba ya cikin hayyacinsa, iyaye ko waliyyi ke tsaya masu. Biyan kuɗi ba ya cikin jerin. Kariyar nan kai ma tana kanka: in kai ne a gadon, ba za a karanta wa surukanka fayil ɗinka ba.

Dalilin a fili yake. Ranar da mata suka gane abin da suka faɗa a ɗakin awo zai riga su isa gida, za su daina faɗa, wasu su daina zuwa. Hanya mafi sauƙi ita ce ka nemi ku shiga tare, nas ta tambaye ta a keɓe ko ta amince. In cutar mai yaɗuwa ce tsakanin ma'aurata, ma'aikata za su zauna da ita su taimaka mata ta sanar da kai, kai ma a gwada ka.

Sai dai mu ma'aikata mu ji wannan da kyau: nas ɗin da ke ɗaga murya daga bakin ƙofa tana kiran majinyaci da sunan cutarsa, ko mai ɗaukar hoton ciwo a waya ta tura WhatsApp, ta karya wannan sashen.

TAMBAYA: Ina jin nauyin namiji ya yi mini allura ko ya duba ni. Zan iya ƙi? (Wata matar aure daga Unguwar Rimi)

AMSA: Za ki iya, Hajiya, kuma ba rashin kunya ba ne. Ba a taɓa jikin baligi mai hankali sai da yardarsa, bayan an yi masa bayani da harshen da yake ji. Ki faɗa tun wajen karɓar kati. In babu mace a bakin aiki, wanda yakan faru da dare, ki nemi a ja labule, a buɗe iya wurin da za a yi aiki, wata ma'aikaciya ko 'yar'uwarki ta tsaya. Abin da ba ma so shi ne jira a lokacin zubar jini bayan haihuwa ko jijjiga, domin a nan mintoci ake ƙirgawa.

In aka ƙi sauraren ki ko aka wulaƙanta ki, ki riƙe rana da lokaci da sunan ɗakin, ki fara da sista mai kula da ɗakin, sannan metiron, wato shugabar ma'aikatan jinya. Laifin da ya wuce nan ana kai shi a rubuce ga Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wadda ita ke ba da lasisin aiki kuma tana da ikon janye shi.