Tambaya da Amsa: Gaisuwar da Ba Ta Kama Sunan Kowa Ba

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Ringim. Ɗana yana aikin jinya a Amurka. Ya ce da Disamba ta kama, mutane kan daina ambaton Kirsimeti, sai dai "barka da bukukuwa", wai don kada ran Yahudawa ya sosu. Amma abokin aikinsa Bayahude ya ce masa shi gaisuwar ba ta yi masa ba. To ashe ba don su aka yi ba?

AMSA: Baba, barka kadai, ina gajiyar kaka? Yahudawan ma kansu ya rabu. Wasu suna jin daɗin gaisuwar, don su wajen kashi 2 cikin 100 ne kawai na mutanen Amurka, kuma sun gaji da a ɗauka kowa Kirista ne. Wasu kuwa ra'ayin abokin ɗanka suke da shi, kuma ni na fi ganin hujjarsu.

Bikinsu na hunturu sunansa Hanuka, kwana 8 ne, suna tuna yadda kakanninsu suka ƙwato wurin ibadarsu na Ƙudus daga hannun Sarki Antiyokas, Bagirken da ya so tilasta musu al'adar Girkawa, wajen shekara 164 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Kowane dare a ƙara kunna fitila ɗaya a bakin taga, a soya wainar dankali da mai. Ƙaramin biki ne a addininsu, bai kama ƙafar Yom Kifur ba, ranar da suke azumin kusan awa 25. Faɗuwarsa kusa da Kirsimeti ce ta sa masu kantuna suka kumbura shi, suka cusa su a buhu ɗaya don a sayi kyaututtuka. Har Kotun Ƙolin Amurka a 1989 ta yarda a kafa fitilar Hanuka kusa da bishiyar Kirsimeti a gaban ginin gwamnati a birnin Pitsbag, tana ganin su biyun sun zama adon hutun hunturu. Ka duba fa, bikin da asalinsa ƙin narkewa ne cikin al'adar Girkawa, yau shi ake narkarwa. Dole ya yi ciwo.

A ƙauyenmu na ƙasar Sumaila muna da maƙwabta Hausawa Kiristoci. Ranar Kirsimeti, cikin hazon nan, yarinyarsu kan shigo da langa cike da shinkafa, an rufe da faifai, Innata ta ce, "An yi biki lafiya?" Da Sallah mu kai musu nama, su ce, "Barka da Sallah." Ba wanda ya taɓa ɓoye sunan bikinsa don ɗan'uwansa.

Ka ce wa ɗanka ya tambayi abokin nasa ranar da Hanuka za ta kama, don da wata suke lissafi, kwanan yana motsi tsakanin ƙarshen Nuwamba da Disamba. Daren farko, in rana ta faɗi, ya kira shi ya ce, "Barka da Hanuka."