Makahon kifin kogo: karo da gilashi da cizon jela

Ka ce makafin kifayen kogo biyar ɗin da ka zuba a tankin gilashi na kiwon kifi suna ta karo da gilashin, sun kuma yayyage jelar kifayen da suka tarar a tankin, kana tambaya ko fitila ce ta firgita su tunda da duhun kogo suka saba. Bar fitilarka, ɗana, ba ita ba ce.

Asalin wannan kifi, Astyanax mexicanus, kogunan ƙarƙashin ƙasa ne na arewa maso gabashin Meziko, a jihohin San Luis Potosí da Tamaulipas. Da ido ake ƙyanƙyashe shi, yana girma idon na shanyewa har fata ta rufe gurbin. Da wani layi da ya bi gefen jikinsa daga kai zuwa jela yake jin motsin ruwa, da shi yake gane dutse kafin ya isa gare shi. Shi ya sa ba ya tsayawa wuri ɗaya: sai ya motsa ruwan ke gaya masa abin da ke gabansa. A sabon tanki zai yi ta karo na 'yan kwanaki har ya haddace wurin. Kai dai kada ka riƙa sauya wa duwatsu mazauni, duk sauyi sabon karatu ne a gare shi. Sa duwatsu masu sulɓi da yashi ko tsakuwa marar kaifi, ka bar tsakiya fili. Murfi kuma dole ne, yana tsalle.

Cizon jela kuwa halinsa ne. A kogo abinci ba kullum ba, don haka duk abin da ya gifta sai ya ɗanɗana. Kwashe masu doguwar jela da masu sanyin jiki ka kai su wani tankin yau ɗin nan. Su biyar ɗin, tunda kowanne kan kai santimita 9 zuwa 10, ba su tanki mai tsawon santimita 90, ruwa kamar lita 100. In tankin ya matse, junansu za su koma ciza.

Wajen abinci ake kashe su. Ba sa nuna ƙoshi, jikinsu kuma na tara kitse. Ba su abinci mai nutsewa, domin a ƙasa suke kiwo, kai a sunkuye, hanci na bin yashi. Sau ɗaya ko biyu a rana, abin da za su cinye cikin minti 2. Ragowar da ta kwanta tsakanin duwatsu ita ke ruɓewa ta zama amoniya, guba mai kashe kifi. Ka ga suna haki a saman ruwa, auna ruwan kafin ka nemi magani. Amoniya da naitirait, wata gubar da amoniya ke rikiɗewa ta zama, su tsaya a sifili. In matatar ruwan tankin sabuwa ce, sai ta yi mako 4 zuwa 6 kafin ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke cinye dattin su kafu, a tsakanin nan rage abinci, ka yawaita canjin ruwa.

Zafin ruwa digiri 20 zuwa 25, pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, daga 6.5 zuwa 8, ruwa mai ɗan tauri, wato mai ɗan yawan ma'adinai, bai dame su ba. Duk mako zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu tun daga ƙasan tanki, ka mayar da wanda ka cire wa kulorin, sinadarin da ake zuba wa ruwan famfo, mai zafi daidai da na ciki. Soson matata kuma a ruwan da ka zuƙe za ka wanke shi, ruwan famfo na kashe ƙwayoyin nan.